Lalurar da Ba Ta Riƙe Sanda: Haƙƙin Wasu Ɗalibai a Kan Kwalejojinmu

Daga wani malamin firamare, Ƙofar Kaura, Katsina

Ya ku 'yan'uwa malamai, da iyalanmu da ke karanta wannan mujalla ta reshe, akwai wata kalma da ta zauna daram a bakinmu har mun daina jin nauyinta, wato daƙiƙi. Ana faɗinta a ofishin hedimasta, ana faɗinta a gindin bishiya in an tashi tara, wani lokaci ma a gaban yaron da ake nufi. Daɗin kalmar shi ne tana rufe magana. Da zarar an kira yaro daƙiƙi, malami ya huta da bincike, uba ya huta da tambaya, hukuma kuma ta huta da kashe kuɗi. Maganata a yau a kan wani rukuni ne daga cikin waɗanda aka laƙaba wa wannan suna, waɗanda suka cije, suka haye firamare da sakandare, yanzu suna zaune a ɗakunan lacca na manyan makarantunmu, alhali babu wanda ya san abin da ke damunsu, har su kansu.

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kaura da sassafe a ranar aiki zai ga samari da 'yan mata riƙe da takardu suna tare abin hawa. Da yawansu hanyar Dutsin-Ma suka nufa, inda Kwalejin Ilimi ta Tarayya take, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Wasu kuma sai farkon zango suke ɗaukar jaka zuwa Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke garin Dutsin-Ma. Idan a cikinsu akwai makaho, kowa zai gan shi da sandarsa. Idan akwai gurgu, kekensa zai sanar da zuwansa. Amma akwai mai wata lalura da ba ta riƙe sanda, ba ta hawa keke, ba ta bayyana a fuska. Idonsa lafiya, kunnensa lafiya, in an zauna muhawara sai ya ƙure abokansa, amma shafi ɗaya da wani zai karanta cikin minti uku, shi sai ya kwashe minti goma sha biyar yana fama da shi, in ya kai ƙarshe kuma ya manta farko.

Masana suna kiran wannan disleksiya, wato tangarɗar karatu. Tana da 'yan'uwa: akwai wadda ke kama hannu da tsarin rubutu, akwai wadda ke kama lissafi har mutum ya kasa riƙe jadawalin sau ko ya rikita jeren lambobi. A dunƙule ana ce musu lalurar koyo. Ba sabon abu ba ne a wajen likitoci. Wani likitan ido a ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa wa abin suna tun 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ya kasa iya karatu, har malaminsa yana ganin da baki kawai ake koyarwa da babu wanda zai wuce shi a makarantar. A 1963 kuma Samuel Kirk ya yi amfani da lafazin lalurar koyo a wani taron iyaye a birnin Chicago na Amurka, daga nan lafazin ya bazu. Hukumomin lafiya na Ingila suna ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma na iya kasancewa da wani abu na disleksiya, mai yawa ko kaɗan. Mu rage wannan da rabi don kada a ce mun cika baki, mu ce ɗaya cikin ashirin. A ɗakin lacca mai ɗalibai 500, mutum 25 ke nan.

Ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki, domin mu ne masu koyar da baƙi da wasali. Yaro yana koyon magana ba tare da an sa shi a aji ba, amma karatu sai an koya masa. Dole ya gane cewa kalmar makaranta gaɓoɓi huɗu ce, kowace gaɓa kuma tana rabuwa zuwa sautuka, kowane sauti yana da alamarsa a takarda. Yawancin yara, in sun samu mai koya musu, bayan wani lokaci wannan haɗi yakan zama musu jiki, ido ya faɗa kan kalma ma'anarta ta zo nan take. Kamar direban da ya ƙware ne, yana tuƙi yana hira da fasinja. Mai disleksiya kuwa kullum kamar ɗan koyo yake, hankalinsa duk yana kan giya da birki, babu sauran sarari na kallon hanya. Ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen fahimtar abin da marubuci ke nufi, duk ya ƙare wajen tono haruffa. Binciken masana ya nuna abin yana bin dangi, kuma bai da alaƙa da ƙarancin hankali. Ba sammu ba ne, ba shafar aljanu ba ce, bulala kuma ba ta taɓa warkar da shi ba, ko da yake an gwada ta fiye da kowane magani.

Wani zai tambaya, to ta yaya mai irin wannan matsala ya kai kwaleji? Mu da ke aji mun san amsar. Rubutun Hausa na boko yana da sassauci, mafi yawan haruffansa sauti ɗaya suke ɗauka, don haka yaron kan lallaɓa ya karanta Hausa a hankali, kuskurensa bai cika yawa ba. Ko a nan ma akwai tarko, domin b da ɓ da d da ɗ kamar 'yan gida ɗaya suke a ido, kuma ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa garin tuwo da garin Katsina rubutunsu ɗaya. Amma babban ramin yana inda koyarwa ke komawa Turanci, harshen da ke da sautuka sama da arba'in a kan haruffa 26, ga haruffan da ake rubutawa ba a furta su. A nan yaron yake fara ɓuya, kuma tsarinmu ya tanadar masa wurin ɓuya mai faɗi. A ajin da ya haura yara ɗari, karatu na amshi ne: malami ya faɗa, aji ya maimaita, bakin kowa yana motsi. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan haddace shafi daga jin abokansa, in an tashe shi ya zuba kamar yana karantawa, yatsansa ma yana bin layi. Mu al'umma ce mai girmama hadda, kuma wannan abin alfahari ne, sai dai hadda tana iya lulluɓe raunin karatu na shekaru. A sakandare ga tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, ga aboki na kusa, ga cibiyoyin jarrabawa da kowa ya san yadda ake fita da sakamako a cikinsu. Haka yaron zai yi ta tsallake rijiya da baya har ya samu gurbi.

A kwaleji ne asiri ke tonuwa. Lakcara zai shigo ya yi shifta ta awa biyu da Turanci cikin sauri, mai wannan lalura bai gama rubuta jimla ta farko ba an kai ta huɗu. Zai ari littafin aboki ya kwafa da dare, kwafar ma aiki ce ta kwana. Takardun lacca da ake sayarwa an sha ɗaukar hotonsu har rubutun ya dusashe. Ranar jarrabawa kuwa, ya san amsar, in ka tare shi a bakin ƙofa zai ba ka ita da baki tiryan-tiryan, amma ana cewa a ajiye biro yana tsakiyar tambaya ta biyu cikin huɗu. Mai maki ya buɗe takardarsa ya ga haruffa a juye, kalma ɗaya an rubuta ta iri uku a shafi guda, sai ya ja jan biro. Daga nan sai kariyoba, wata a kan wata. Lokacin da nake karatun NCE na zauna da wani irin wannan. Shi ne yake warware mana darasin falsafar ilimi a ɗakin kwana bayan an tashi lacca, mu muka ci, shi ya maimaita har sau uku, daga ƙarshe ya tattara ya koma kasuwa. Babu ofishin da ya taɓa kiransa ya tambaye shi me ya faru, domin babu wanda aka ɗora wa wannan aiki.

Hanyoyin da ke gaban irin wannan ɗalibi ba su da yawa, kuma duk masu ɗaci ne. Ko ya bar karatun bayan mahaifinsa ya zuba kuɗin rijista na shekara huɗu ko biyar. Ko ya shiga satar amsa, in an kama shi a kore shi da sunan mai laifi. Ko ya nemi ƙofar baya ya fito da takardar da ba ya iya kāre ta. Wannan na ukun ya fi shafarmu, domin bayan shekara biyu sai mu gan shi an turo mana shi makaranta, an miƙa masa alli da aji ɗaya.

Ba a rasa doka ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha, ya sa hannu a dokar 2018 da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Dokar ta ce makarantun gwamnati, daga firamare har manyan makarantu, a tafiyar da su yadda masu naƙasa za su iya shiga su amfana, kowace makaranta ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu, da kayan aikin da suka dace. Ta kuma sa tarar naira miliyan ɗaya a kan hukumar da ta nuna bambanci. Sai dai in an ce naƙasa, tunanin masu zartarwa yakan tsaya a kan matakalar bene da hanyar keke. Tarihin ilimin masu buƙata ta musamman a ƙasar nan ma haka ya faro: makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo a 1977, makarantar kurame ta Malumfashi a nan jiharmu. Duk ayyukan alheri ne, kuma har yanzu ba su wadatar ba. Amma an gina su ne don lalurar da ido ke gani.

Hukumar JAMB ta nuna cewa ana iya sauya yadda ake jarrabawa ba tare da an rage darajarta ba. Tun 2017, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na daban, ɗaya daga ciki a Kano, inda ake karanta musu tambayoyi su amsa da abin da suka saba rubutu da shi. Babu wanda ya ce makahon da ya ci ta wannan hanya an yi masa alfarma. Tambayar ɗaya ce da ta kowa, ƙofar shigarta ce ta bambanta. Wannan hujja ita ce dai hujjar mai disleksiya.

Na san abin da ke cikin zuciyar wasu abokan aiki a daidai nan, kuma ba zan kauce masa ba. Ba mu manta da Kaduna ba. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka baza hotunan takardun amsarsu a jaridu da intanet, aka mai da malamin firamare abin dariya a faɗin ƙasa. Ƙungiyarmu ta NUT ta yi jayayya da yadda aka gudanar da gwajin, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wancan rikici, tabon yana nan. Don haka wanda ya ce, muna fama da zargin cewa malamai ba su iya karatu ba, kai kuma kana neman a sassauta wa masu raunin karatu a kwalejin horar da malamai, ba maganar banza ya yi ba. Ya cancanci amsa.

Amsata ita ce, halin da ake ciki yanzu shi ne yake fitar da malamin da bai iya karatu ba. Inda ba a bincike, mai lalura da wanda ba a taɓa koya wa karatu ba da malalaci duk tukunya ɗaya ake zuba su, kuma wanda ya fi iya bin ƙofar baya shi ke fita. Tallafin da nake nufi ba ya taɓa abin da ake tambaya ko makin da ake buƙata. Ɗalibin da aka ƙara wa lokaci dole ya san manufar darasi da yadda ake tsara shi kamar kowa. A Ingila abin da aka saba bayarwa ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ne na lokacin jarrabawa, wato takardar awa biyu a ƙara mata minti talatin. Wanda bai yi karatu ba, ko kwana aka ba shi a ɗakin ba zai haifar da amsa ba. Wanda ya sani kuwa, minti talatin ɗin nan shi ne tsakanin faɗuwa da ci.

Zan ƙara da abin da wasu masu fafutuka ba sa son ji. Ba kowane mai wannan lalura ne ya dace a ba shi aji ɗaya ya koyar da haruffa ba. Wanda bayan duk taimako har yanzu ba ya iya rubuta jimla daidai a allo, zalunci ne ga yara a tsayar da shi gabansu yana koya musu rubutu. Amma kwalejin ilimi tana da fannoni da yawa, akwai noma, akwai fasaha da sana'a, akwai zane, akwai motsa jiki, akwai lissafi ga wanda matsalarsa ta tsaya a haruffa. Kuma wanda koyarwa ba ta karɓe shi ba gaba ɗaya, gara a zaunar da shi a zango na farko a gaya masa cikin mutunci, a nuna masa wata hanya, da a bar shi ya ƙone shekara biyar. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya sha wuyar karatu ya ci nasara da dabara yakan zama malami mai haƙuri na ban mamaki, domin ya san inda ƙaya take a hanyar. Wanda karatu ya zo masa da sauƙi sau da yawa ba ya gane dalilin da yaro zai kasa abin da shi yake gani a fili.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan wuya. A ƙasar da ɗimbin yara ke gama firamare ba su iya karanta sakin layi ba saboda cunkoso da rashin littafi da rashin malami, ta yaya za a bambance mai lalura da wanda kawai ba a koya masa ba? A zahiri kamanninsu ɗaya ne. Hanyar da masana suka fi yarda da ita mai sauƙi ce a faɗa: a koya musu duka da kyau, sannan a ga wanda ya motsa. Kwaleji ta yi wa duk sabon ɗalibi ɗan gajeren gwajin karatu da rubutu a makonnin farko, da Hausa da Turanci. Waɗanda suka nuna rauni a ba su darasin gyara na zango guda a ƙananan rukunoni. Wanda rashin koyarwa ne matsalarsa zai yi tsalle cikin 'yan makonni, kuma kwaleji ta ci riba da shi. Wanda ya halarta, ya yi ƙoƙari, amma saurinsa bai ƙaru ba, shi ne za a tura wa ƙwararre. Wannan kuma ya amsa tsoron masu cewa kowa zai zo ya yi da'awar lalura don neman ƙarin lokaci. Ba da baki ake shiga ba, sai an bi ta zango guda na ƙarin aiki, malalaci kuwa ba ya sayen ƙarin aiki.

Kayan gwajin ma ba daga sama za su faɗo ba. Waɗanda suka yi aiki da shirin RANA, da aka gudanar a Katsina da Zamfara don koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa, sun san gwajin minti ɗaya, inda ake ƙirga haruffa ko kalmomin da yaro ya karanta daidai. Irinsa ake buƙata, a daidaita shi da shekarun ɗan kwaleji. Gwajin da aka tsara don yaran Landan ba zai gaya mana gaskiya kan ɗan Rimi ko Batagarawa ba, wanda Turanci harshensa na biyu ne ko na uku. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, kwalejojinmu kuma suna da malaman ilimin halayyar ɗan Adam. Aikin bincike ne da ya cancanci kuɗin TETFund fiye da wasu takardun da ake rubutawa don ƙarin girma kawai.

Batun kuɗi ba zai tsayar da mu ba. Ɗaki ɗaya ne a sashen ba da shawara, da ma'aikaci ɗaya da aka horar aka kuma rubuta wannan aiki a takardar aikinsa, wanda dama doka ta wajabta. Sauran duk sauyin ɗabi'a ne. A bar ɗalibin da aka tantance ya naɗi lacca a wayarsa. A ba shi takardar darasi kafin ranar darasin, da bugu mai kyau da tazara tsakanin layuka, ko a tura masa ta waya inda manhaja za ta karanta masa da murya. A darasin da ba harshe ake gwadawa ba, kada kuskuren harafi ya cinye makin fahimta. Wani ɓangare na gwajin aji a karɓe shi da baki a gaban malamai biyu. Duk wannan bai kai kuɗin fentin ƙofar shiga makaranta ba.

Abu ɗaya ne nake gargaɗi a kansa da ƙarfi, shi ne sirri. Mun san garinmu. Idan aka manna sunaye a allon sanarwa aka rubuta masu lalura a sama, kafin la'asar labari ya isa unguwa cewa ɗiyar wane tana da taɓin ƙwaƙwalwa, kuma mai neman aurenta zai ji. Babu yarinyar da za ta sayi minti talatin da wannan farashi, babu uban da zai yarda. Takardar ta tsaya tsakanin ɗalibi da ma'aikacin da jami'in jarrabawa. Ofishin ma a sa masa suna na kowa, kamar ofishin taimakon karatu, yadda mai shiga ba zai ji ana nuna shi da yatsa ba.

To mu malaman firamare ina namu a ciki? Mu ne muka fara ganin yaron, kuma abin da muka gani yana mutuwa a hannunmu. Malamar aji biyu ta lura yaro yana amsa komai da baki amma ba ya iya haɗa ba da ki, ta yi ta fama da shi shekara guda, sai ya wuce aji uku wajen wanda bai san komai a kansa ba, a sake farawa daga tushe. Takardar sakamako ba ta ɗauke da komai sai lamba da matsayi da kalmomi biyu na hedimasta. Da a ce akwai ɗan kati da ke bin yaro daga aji zuwa aji, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, wanda aka rubuta abin da aka gani da abin da aka gwada da abin da ya yi amfani, da ma'aikacin kwaleji ya samu shaidar shekara goma a hannunsa maimakon zato. Wannan ba ya jiran Abuja. Hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi suna iya amincewa da shi a zama ɗaya. Na san nauyin da ke kanmu, na san mai yara ɗari da ashirin ba ya neman ƙarin takarda, amma yaran da ake magana a kansu a aji ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Sannan akwai horon da mu kanmu muka samu. Manhajar NCE da hukumar NCCE ke tsarawa tana da darasin gabatarwa kan ilimin masu buƙata ta musamman. Yawancinmu mun haddace rabe-raben naƙasa mun zuba a jarrabawa mun wuce, ba tare da an taɓa ɗora mana littafin yaro na gaske a gabanmu an ce mu nuna alamar ba. Kwalejin da ke kula da ɗalibanta masu wannan lalura tana koya wa sauran ɗaliban darasin a aikace, domin za su ga abokin zamansu da aka taimaka ya ci, su tafi da wannan ajinsu. Garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horar da malaman Arewa bai kamata ya jira wani ya fara ba.

Ga iyaye kuma, musamman matanmu da ke zama da yara lokacin aikin gida, ɗan da ke kuka in an buɗe littafi amma yana iya kwance rediyo ya mayar, ko ɗiyar da ke riƙe lissafin cinikin gida a ka amma rubutunta ba ya karantuwa, a fara kai su a duba ido da kunne. In waɗannan lafiya suke, a je a zauna da malamin aji a tambaye shi abin da ya lura. Wanda ɗansa ya riga ya shiga kwaleji yana tara kariyoba, kafin a ce ya lalace ko ya bi abokan banza, a ba shi shafin jarida ya karanta a bayyane, a saurara da kunnen basira.

Ƙungiya ba ta albashi da ƙarin girma ba ce kaɗai, ko da yake waɗannan ba a wasa da su. Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a amince a rubuta wasiƙa ta hannun ofishin NUT na jiha zuwa ga shugabannin manyan makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa, a ba takwarorinmu na ƙungiyar COEASU kwafe, tunda su ne ke riƙe da jan biro. Wasiƙar ba ta zargi ba ce, tambaya ce. Wane ne ma'aikacin da aka ɗora wa kula da ɗalibai masu lalurar koyo, kuma ina ofishinsa? Wace hanya ɗalibi zai bi ya nemi a tantance shi? Me dokokin jarrabawarku suka tanada ga wanda aka tantance? A ba su wata biyu. Amsar da ta zo a buga ta a wannan shafi yadda take, wadda ba ta zo ba kuma a rubuta sunan makarantar a bar ƙasansa fari.